Injiniya Tana Gida

Litinin, da hantsi

Yau Injiniya ba ta je aiki ba. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zai zauna mini. Tun da muka yi aure ban taɓa fita ranar Litinin na bar ta a gida ba. Kullum ita ke riga ni, hular kwano a hammata, jaka a kafaɗa, tana jefo mini umarni daga bakin ƙofa: a kashe fitilar banɗaki, kar a zubar da ruwan ɗauraya. Yau ni na fita na bar ta zaune a kujerar falo da rigar barci, 'yarmu Tsuntsuwa kwance a cinyarta. Ba wanda ya ce mini in kashe komai.

Masaƙar da take aiki ta ce ta dakata a gida har kwamiti ya zauna kan abin da ya faru ranar Alhamis. Dogo ne ya faɗa mata, da bakinsa. Dogon da muka yi ɗaki ɗaya da shi a jami'a, muka ci a kwano ɗaya, wanda Tsuntsuwa ke kira Kawu. Shi ne manajan sashen rini, ita kuma ke kula da tace ruwan da ke fitowa daga sashen, to a ƙarƙashinsa take.

Gidan da muke ciki ma na masaƙar ne. Wannan ba yau zan yi tunaninsa ba.

Litinin, da yamma

Tafin hannunta duk ya saɓule. Tun Alhamis take ɓoye mini, sai yau da ta zo ɗaukar butar shayi ta sake ta a ƙasa. Na ce mene ne haka? Ta ce, "Ƙarfen rufe bututu ne ya yi tsatsa, ba a taɓa juya shi ba." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na shafa mata magani. Tsuntsuwa ta tsaya tana hura mata iska da baki, wai kar ya yi zafi. Ta hura, ta hura, har jiri ya kwashe ta ta zauna daɓas.

Talata, da rana

Ina cikin motar aiki, muna jiran a buɗe mana wani ofishi mu duba iyakwandishan. Tunanin makaranta nake ta yi.

Mu uku, ni da ita da Dogo, ajinmu ɗaya. Akwai wani kwas da aka wajabta wa duk masu karatun fasaha, na kula da muhalli: yadda za ka yi aikinka ba ka lalata ruwa da iska da ƙasa ba, ka bar wa na baya abin da za su tarar. Ni kam a bencin ƙarshe na yi shi, kaina a kan jaka. A wurina karatun cin jarrabawa ne, ka haddace, ka juye a takarda, ka fito ka karkaɗe kai. Ita tana bencin farko tana jero tambayoyi har malamin ya fara satar kallon ƙofa. Dogo kuwa shi ya fi kowa maki. Aikinsa na kammala karatu ma a kan tace ruwan masana'antu ya yi, har lambar yabo aka ba shi, ni na ara masa takalmin da ya je karɓa da shi.

A wannan shekarar ta sa mini suna Sayi-Sabo. Rediyona ne ya mutu, na jefa shi a kwandon shara a gabanta. Ta sa hannu ta tsamo shi, bayan 'yan kwanaki ta dawo mini da shi yana magana. Ashe waya ɗaya ce ta tsinke. Kunya ta sa na raka ta har ƙofar ɗakin kwanansu, rakiyar da har yau ban dawo ba.

Laraba, da safe

Famfon kicin yana ɗiga, ta wuce ta gabansa ko waige ba ta yi ba. Ita fa.

Laraba, da yamma

Ni na ɗaure famfon. Na kuma tara ruwan ɗaurayar kwanuka na zuba wa tumatirinta da ke cikin gwangwanaye a baranda, yadda nake ganin tana yi. Shekara da shekaru ina tsokanarta da mai gonar gwangwani. Ta hango ni ta taga. Na yi kamar iska na fito sha.

Alhamis, da rana

Labari ya kai zauren 'yan ajinmu na waya. Tun safe wayata ke ƙugi a aljihu.

Farfesa ne ya fara. Shi sana'arsa rubuta wa kamfanoni rahoton kula da muhalli, irin mai koren bango da hoton hannu riƙe da tsiro. Ya yi dogon bayani cewa akwai matakai, akwai hanyoyin kai ƙorafi, ba a gyara da zafin kai. Sarkin Barci, wanda ke sayar da janareto yanzu, ya ce shi bai ga abin tayar da hankali ba, ƙasashen da suka ƙoshi su ke da lokacin tausayin kifi, mu a bari mu ƙoshi tukuna. Wata da ke aikin sola ta ce Injiniya jaruma ce, ta jero hotunan tafi, sannan ta biyo ni ta gefe tana tambaya wai in an sallame ta ko za a ɗauki wani, akwai ƙaninta da ke zaune.

Dogo karantawa kawai yake, ana ganin alama.

Na rubuta wa Sarkin Barci amsa mai zafi, na goge. Da wane baki? Maganar kifin nan ni ma tawa ce, a teburin cin abinci nake yin ta don kawai in ga hararar da za a yi mini.

Injiniya ta fice daga zauren ba sallama.

Juma'a, da la'asar

Mun cire wata tsohuwar iyakwandishan a wani otal. Abokin aikina Mai Tsani ya kwance bututu ya saki gas ɗin, fiiish, ya bi iska, kamar kullum. A ƙa'ida akwai injin da ake zuƙe gas ɗin da shi a ɗura a tukunya, saboda ɓarnar da yake yi a sama. Muna da injin a sito. Nauyi gare shi, ga cin lokaci, gizo-gizo har ya yi gida a hannunsa. Mai Tsani ma da digirinsa, duk ya san wannan. Da ya ga ina bin abin da kallo sai ya ce, "Malam, sama ai faɗi ne da ita." Na yi dariya. Dariyar dai ba ta yi nisa ba.

Asabar, da hantsi

Surukata ta iso ba sanarwa, da jakar da ke nuna za a kwana biyu. Tana shigowa ta kama hannun 'yarta ta juya, ta duba. Sannan ta juyo kaina.

"Tun tana ƙarama haka take. Tana 'yar firamare ta kai ƙarar babanta wurin malaminsu, wai yana ƙona leda a bayan gida. Malamin har gida ya zo, shi ma kunya duk ta ishe shi." Ta koma kan Injiniya. "Ki je ki ba su haƙuri, me zai ragu a jikinki?"

"Mama, haƙurin me?"

"Oho. Ke dai ki ba su, su suka san inda za su sa shi."

Bakin Injiniya ya ɗan motsa. Bai kai murmushi ba, amma ya kama hanya.

Da aka sauke abinci Mama ta hana ta riƙe cokali, ta zaunar da ita a gabanta tana ba ta a baki. Tsuntsuwa ta ga abin bai yi mata ba, ta zo ta buɗe nata bakin ita ma. Haka aka yi ta yi, loma nan, loma can. Rabon da in ga ta cinye abin da ke kwano tun kafin waccan Alhamis ɗin.

Lahadi, da yamma

Ta ce in raka ta wani wuri. Mun bar Tsuntsuwa wurin kakarta, muka zagaya ta bayan katangar masaƙar, inda bututun baya ke fitowa ya zuba a rafi. Ban taɓa zuwa ba. Gangaren wurin duk lambuna ne, latas, albasa, alayyafo, har iya ganinka.

An sake buɗe bututun. Ba zan rubuta launin ruwan ba. Warin ya biyo mu har gida, yana nan a rigata.

Mun tarar da wata dattijuwa tana cire ciyawa. Ta kife mana bokiti muka zauna. Injiniya ta tsinko ganye ɗaya tana duba bakinsa da ya ƙone, ta tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun da injinsu na tacewa ya mutu. Ta ɗaga bakin zane ta nuna mana ƙafafunta. Wannan ma ba zan rubuta ba.

Sai ta ce, "Wai rannan wata yarinya ce a ciki ta rufe musu, ruwan ya cika musu tankuna, aka tsayar da aiki gaba ɗaya. Ɗana a can yake, wurin ninke kaya. Aka ce su koma gida, ranar ta tafi a banza, ga iyali. Ita ba ruwanta, ta yi abin da ranta ke so. Allah dai ya shirye ta."

Injiniya ta ce, "Amin, Inna."

Muka kama hanya, muka yi nisa. Can ta ce, "Ka ga ita ma da gaskiyarta."

Na ce, "Ke ma haka."

"To ai shi ne abin."

Hannun ba ya riƙuwa, sai ta maƙale gefen rigata da yatsa biyu, har bakin titi.

Litinin, da rana

Dogo ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na ɗauka.

Talata, da yamma

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mun zauna a shagon shayi kusa da wurin aikina, ya yi ta juya cokali a kofin da bai sa wa sukari ba.

Ya ce, "Kana ganin ban san abin da ke cikin ruwan nan ba? Na fi ta sani. Ni na koya mata lissafinsa a makaranta, kana nan kana minshari." Ya ce tun ranar da injin ya mutu yake bin manya a kawo abin da ya lalace, daga waje ake kawo shi, kullum sai a ce wata mai zuwa. Ya ce in duba yawan bakin da ke ci a masaƙar nan. In masu sayen kaya suka gudu aka rufe, rafin zai yi fes, mutane kuma su zauna a bakinsa su ci me?

"Ni ma 'ya'ya gare ni, Sayi-Sabo."

Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Dogo bai iya ƙarya ba, kunnensa ke rawa in ya gwada.

Saƙon da ya kawo shi ne, in ta gaya wa kwamiti kuskure ta yi, ma'auni ne ya ruɗe ta, za a ja mata kunne a mayar da ita. Aiki na nan, gida na nan. Ya ce da kyar ya samo mata wannan ƙofar, sai da ya yi ta roƙo kamar shi ya yi laifin.

Na ce zan faɗa mata. Da zai tafi ya laluba aljihu ya ciro alewa, ya ce a kai wa Tsuntsuwa.

Laraba, da safe

Ban faɗa mata ba. Alewar tana aljihuna.

Alhamis, da hantsi

Ban faɗa ba.

Mama ta tafi yau, ni na kai ta tasha. Za ta shiga mota ta ja ni gefe ta ce, "Haƙurin nan, in ba ta so, kar ka bari ta bayar. Ni na faɗa ne don a ce na faɗa." Sannan ta ce in riƙa aske gemun nan, na fara kama da mai jinya.

Juma'a, da yamma

Na faɗa mata, tana ninke kayan Tsuntsuwa. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba. Sai ta ce, "Kai me ka ce masa?"

"Na ce zan faɗa miki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ninke wata 'yar riga, ta warware, ta sake ninkewa. "Na ɗauka za ka ce masa matarka ba ta karanta ma'auni a karkace."

Na shiga kawo maganar gida, da makarantar Tsuntsuwa da ke nan bayanmu, da yadda aiki ya yi wuya a gari. Ta ce, "Na sani, Baban Tsuntsuwa. Duk sun zo mini a rai kafin in kama ƙarfen nan. Kai kaɗai ne ban yi tunaninka ba, don na ɗauka kana gefena."

Da ihu ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Asabar, da rana

Ana magana dai. Ga shayinka. Ina makulli. An gode.

Lahadi, da hantsi

Tsuntsuwa ta shiga aljihun wandona ta binciko alewar, duk ta narke ta manne da takarda. Na ce Kawu Dogo ne ya aiko mata. Ta ruga wurin uwarta tana tambaya me ya sa Kawu ya daina zuwa. Ina jin su daga ɗaki.

"Kawu aiki ya yi masa yawa."

"Ke ba ki da aiki?"

"Ni ai ke ce aikina yanzu. Kawo in ɓare miki."

Ta ɓare mata da haƙori, ta ce in ta ga Kawu ta ce an gode.

Litinin, da yamma

Na ciro injin zuƙe gas daga sito. Ban san dalili ba. Ko dai na sani. Mai Tsani ya tsaya yana kallona ina kakkaɓe shi, ya ce, "Malam, lafiya? Baƙi za mu yi daga hedikwata?" Na ce kama wancan gefen. Haka muka hau da shi bene, yana mita tun daga ƙasa har sama, wai in dai aljanna ake nema akwai hanyoyin da ba sa karya baya. Aikin da muke gamawa kafin rana ta take sai da ya kai mu la'asar. Mai ofishin ya yi ta leƙowa yana tambaya ko lalacewar ta yi yawa ne. Ƙarin abin haushi, robar injin ta tsage don daɗewa, rabin gas ɗin ya gudu duk da haka.

Na shigo gida a duƙe kamar tsoho. Ta tambaye ni, na ba ta labari. Ta dube ni ta ce, "Kai? Injin nan da tunda aka sayo shi ba ka taɓa dawo mini da ciwon baya ba?"

Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta kama bango, har hawaye. Daga baya na lura ba dariya ba ce kuma. Na zauna kusa da ita, ta sa goshi a kafaɗata, muka daɗe a haka. Da ta lafa ta ce in kwanta, ta danna mini bayan da gwiwar hannu, tun da tafin bai gama warkewa ba. Tana dannawa tana cewa, "Gobe ka kawo mini robar nan in gani. Kar ka sayi sabuwa."

Talata, da rana

Na kira Dogo na ce masa matata ba ta karanta ma'auni a karkace. Ya ce, "Na sani." Maganar ta makara, amma dai ta fita.

Laraba, da safe

Yau kwamiti. Ta sa kayan aikinta cif, har takalmin. Na ce ai zama kawai za ku yi a ofis. Ta ce, "A haka suka san ni." Ni na durƙusa na ɗaure mata igiyar takalmin.

Laraba, da yamma

Na jira ta a mota, tsallaken ƙofar masaƙar, ƙarƙashin wata bishiya. Ma'aikata suka shiga, wasu suka fita, inuwar ta bar ni na matsa na bi ta. Can ta fito, tafiyarta ta kullum, ba sauri ba sanɗa. Ta shiga ta ce, "Tuƙa."

Sai da katangar ta ɓace a madubi na ce, "Dogo fa?"

"Bai yi mini ƙarya ba. An tambaye shi ko injin na aiki a ranar, ya ce ana kan gyara. Daga nan bai ƙara ɗaga ido daga tebur ba."

"Ke fa?"

"Na faɗi abin da ma'auni ya nuna."

Ta ce in tsaya ta sayi askirim. Ta sayo uku, ta shanye nata, ta shanye nawa, na Tsuntsuwa ya narke a hanya.

Juma'a, da rana

Muna neman kwalaye. Na bi shagunan layinmu na samo wasu, Mai Tsani ya kawo na iyakwandishan manya-manya, bai tambaye ni komai ba. An sallame ta, an ce mu bar gidan zuwa ƙarshen wata.

Asabar, da yamma

Mun yini yawon duba gidaje. Wanda muka tsaya a kai a saman bene yake, ɗaki biyu, ba baranda, tagar kicin tana kallon bangon maƙwabta. Nisansa da makarantar Tsuntsuwa sai an hau mota. Ina ta kallon fuskar Injiniya ina jiran ta karye. Ita kuwa ta buɗe famfo ta rufe, ta ƙwanƙwasa bututu, ta leƙa bayan mita, ta gaya wa mai gidan wayar wutarsa ta yi ƙanƙanta, wata rana za ta yi masa gobara. Mutumin ya dube ni ya ce, "Madam ma'aikaciyar hukuma ce?" Na ce a'a, haka Allah ya yi ta.

Farfesa ya kira ta, wai ta zo ta taya shi rubuta rahotanni kafin wani abu ya samu. Na ɗauka za ta kashe wayar. Ta ce masa za ta yi tunani. Da ta ajiye ta ce mini, "Kar ka dube ni haka. Makaranta ba da taurin kai ake biyan ta ba." Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Talata, da hantsi

Tsuntsuwa ta shige cikin kwali ta ce a rufe, ita ma kaya ce. Uwarta ta rubuta a jiki: mai fashewa, a ɗauka a hankali.

Alhamis, da yamma

Mun tashi. A kan kwali nake zaune ina rubutun nan, ban san inda kujeru suka shige ba.

Da hantsi muna loda mota sai ga Dogo a ƙafa, da rigar aiki, a lokacin da ya kamata a ce yana sashensa. Tsuntsuwa ta ruga ta maƙale masa a ƙafa tana cewa an gode, an gode, shi bai ma san na mene ne ba. Injiniya ta ci gaba da naɗe labule kamar ba ta ga kowa ba. Ya naɗe hannun riga. Ya kama katifa, ya kama tebur, ya ɗauki gwangwanayen tumatir ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwai. Da aka gama ya haye bayan mota ya biyo mu har sabon gida.

Firji ne ya ba mu wuya. Matattakalar ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Ni ina sama ina ja, Dogo yana ƙasa ya tallafe da kafaɗa, Injiniya tana bayana tana ba da umarni. A kwanar nan ya maƙale, ba gaba ba baya. Injiniyoyi uku, firji ɗaya. Maƙwabta har sun fara fitowa kallo.

Daga ƙarƙashin firjin na ji muryar Dogo, a shaƙe.

"Na rufe bututun baya da safe."

Ba wanda ya motsa. Gumi yana shiga mini ido, ba hannun sharewa.

Ta leƙo ta saman kafaɗata. "Ka kashe famfon tankin farko kafin ka rufe? In ba haka ba ambaliya zai yi a kan na ƙasa."

"Na kashe."

"Na biyun fa?"

"Har shi. Ma'aikata kuma na ce a rubuta ni na sallame su, kar a taɓa musu ranar."

"To."

"Sun ce in dakata a gida sai kwamiti ya zauna." Ya ja numfashi. "Ki yafe mini."

Na ji hannunta a bayana. Ta ce, "Ɗaga gefen hagu tukuna, Dogo, za ka kashe mini miji."

Ya ɗaga. Firjin ya wuce.

A sama muka zube a ƙasa mu uku, muna haki. Ta miƙa masa ruwa a murfin fulas, don ba a ga kofuna ba. Ya sha, ya ce ashe ƙarfen nan haka yake da tauri. Ta ce ai ta sassauta masa shi.

Juma'a, da hantsi

An ce manyan masaƙar sun buga waya waje kan abin injin tacewa, wai a jirgi za a kawo shi. An ce. Ban sani ba, kuma ban san ko an sake buɗe bututun bayan ba. Ba wanda ya kira Injiniya.

Wadda ta kira ita ce matar Dogo. Ni ta samu, ta wanke ni tas, kamar ni na kama hannunsa na ɗora a ƙarfen. Ta ce mun ɓata mata miji, mutum yana zaman zamansa. Ina ta ba da haƙuri, Injiniya ta karɓe wayar ta shige ɗaki ta rufe. Sun daɗe. Da farko ina jin murya sama-sama, daga baya na daina jin komai.

Ta fito idonta ja. Ta ce, "Ka sayo shinkafa da yawa. Ranar Lahadi za su zo, har yaran."

Na dubi falon, ko wurin sa ƙafa babu. Na ce, "A ina za su zauna?"

"A kan kwalaye. Kuma in mun kwashe kaya kar ka yar da ko ɗaya. Su ma gidan masaƙa suke ciki."